Wai Kada Yaran Illela Su Karanta "Littafin Ƙarya" a Hutun Bana

Ranar da aka ba da hutun ƙarshen shekara, wani shugaban makaranta a nan Illela ya tara ɗalibai da iyaye ya yi musu doguwar nasiha. Yawancinta babu laifi: a taimaki iyaye a gona, a bar yawon dare, kada a biye wa masu ɗaure jarkoki a babur suna ratsa daji. Sai can wajen ƙarshe ya ce duk yaron da aka gani da "littafin ƙarya", irin na aljanu da yaƙe-yaƙe da tafiya sararin samaniya, ko kuma littafin mawaƙa, to uba ya karɓe ya miƙa masa na lissafi. Iyaye suka yi ta gyaɗa kai. Tun ranar abin yake ci mini rai. Ba zan kama sunansa ba, don masu wannan ra'ayi suna da yawa, shi dai ne Allah ya ba lasifika.

Wane hutu ma yaron Illela yake da shi? Dogon hutu a tsakiyar damina yake faɗowa. Da hantsi yana gona, ranar Lahadi yana kasuwa, ko jan akuya a kara, ko turin baro, ko tallan ruwa. Abin da ya rage nasa shi ne tsakanin azahar da la'asar, sai bayan isha'i in fitilar caji ba ta mutu ba. Wannan 'yar tazarar ce ake so a cika da lissafi. Kuma kowa ya san ba lissafin zai yi ba. Wayar yayansa zai ɗauka ya kwana kallon abin da ba mai tambayarsa.

To ni ga abin da zan ba shi, kuma na farko shi ne Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo. A 1969 ya fito, shekarar da Amurkawa suka sauka a duniyar wata. A lokacin da manyan ƙasashe ke rige-rigen harba kumbo, wani Bahaushe ya zauna ya ɗauki yaro irin namu, Kilba, ya haɗa shi da baƙo daga sama mai suna Kolin Koliyo, suka yi ta keta sararin samaniya da Hausa tsantsa. Ɗan ƙaramin littafi ne, yaro mai ƙwazo kwana biyu ya ishe shi. Amma in ya gama, ku jira tambayoyi. Me ke riƙe da wata bai faɗo ba? Ina tauraro yake zuwa da rana? Me ya sa ita wannan take da wutsiya sauran ba su da? Malamin kimiyya yakan yi zango guda yana neman yaro ɗaya da zai ɗaga hannu ya yi irin wannan tambaya bai samu ba. Littafin da aka kira na ƙarya shi ke kawo ta a banza. Yaron da bai taɓa mamakin sama ba, me zai sa ya damu da lissafin nisanta? Haddacewa zai yi, ya juye a takardar jarrabawa, ya manta kafin sakamako ya fito.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, karatun bokon Hausa da irin waɗannan littattafai ya tsaya da ƙafarsa. Gasar rubuta littattafan Hausa da Rupert East ya shirya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. Na farko, mutum ne ya bar gida neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, suna ta zambatar juna da Malam Zurƙe daga wannan gari zuwa wancan. Na biyu, jarumi ne da ya gama da Turawa bai huce ba, ya zarce har ƙasar aljanu. Magana Jari Ce kuwa, aku ne ke zuba labari dare da rana don ya hana ɗan sarki fita. Aku mai magana, har da sarautar waziri! Shi kansa shugaban makarantar, in ya yi Hausa a sakandare, da wuya bai amsa tambaya a kan ɗayansu ba, don sun sha shiga manhajar jarrabawa. Jiya ya ci maki da su, yau sun zama ƙarya.

Sai Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, ga yaran da jininsu ke tafasa. Asalin labarin na Rashawa ne, Sarki Waldima da birnin Kib ba a ƙasar Hausa suke ba, amma ba yaron da ya taɓa ajiye littafin don wannan. Wanda ya gama shi yana neman ƙari, a bar shi ya shiga littattafan yaƙi na Abdul'aziz Sani Madakin Gini. Na san akwai iyayen da sihiri da bokayen da ke ciki suke damu, to uba ya fara karantawa kafin ya miƙa, magana ta ƙare.

Masu bin wannan shafi sun san ba na rubutu uku ban taɓo iyakarmu da Nijar ba, yau ma ba zan fasa ba. An garƙame ta a watan Agustan 2019, sai Disambar 2020 aka buɗe. Aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Yamai, muka ga yadda manyan motoci suka yi layi, albasa ta ruɓe, 'yan dako suka zauna. Duk wannan an yi ta rubutu a kai. Abin da ba a kula da shi ba shi ne iyakar da ke cikin aji. Yaron Illela da ɗan kawunsa na Birnin Kwanni harshe ɗaya suke yi, a gidan biki ɗaya suke cin tuwo, amma wannan da Ingilishi aka koya masa karatu, wancan da Faransanci. Sarraounia na Abdoulaye Mamani, wanda ya fito a 1980, labarin Sarauniyar Lugu ne da ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a 1899, rundunar da ta yi wa Kwanni kisan da har yau ake ba da labarinsa. Tarihin maƙwabtanmu ne na ƙut da ƙut, amma da Faransanci yake, namu yaran sai dai su ji a baki. Littafin Hausa ne kawai zai bar hannun wannan ya shiga hannun wancan ba tafinta. Ga Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, mu kuma nan muna ƙwace Ruwan Bagaja daga hannun yara.

Ƙwacewar ma sai an samu. Lahadin da ta wuce na tsaya wurin wani dattijo mai shimfiɗa littattafai a kan buhu, ya danne su da duwatsu saboda iska. Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Ƙawa'idi, littattafan addu'o'i, tambayoyin jarrabawar shekarun baya, sai littafin rubutu rim-rim. Na ce, "Baba, ko akwai Tauraruwa Mai Wutsiya?" Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau mai ɗaure da zare, ya ce, "Malam, wanga littafi ai ya daɗe. Wa ka sayen shi? Ni abin da ka fita shi nika ɗaukowa." Ban ga laifinsa ba. Ba zai zuba jarinsa inda rana za ta ƙone bango ba mai tayawa.

Batun littafin mawaƙa kuwa, a nan ne na ga rashin kunyar ta kai maƙura. A ƙasar Sakkwato za a ce wa yaro karanta tarihin makaɗi ɓata lokaci ne? Ƙasar Narambaɗa da Jankiɗi da Ɗanƙwairo da Ɗan Anace? Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya yi littafi sukutum a kan Narambaɗa. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau yana da Makaɗa da Mawaƙan Hausa. Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun fitar da Shata Ikon Allah a 2006, shekara bakwai bayan rasuwar Shata. Waɗannan na ɗaliban babbar sakandare ne, kuma ga yadda za a yi da su: yaro ya je wurin masu tura waƙa a waya, a sa masa Bakandamiyar Narambaɗa, ya buɗe littafi yana ji yana dubawa. A nan zai gane wane ne Sarkin Gobir na Isa, me ya raba kotso da taushi da kalangu, ya kuma tsinci kalmomin da kakarsa ke faɗa yana dariya don bai san ma'anarsu ba. In ya kai wa kakar littafin ya karanta mata, ita za ta gyara masa karin, ta ƙara masa abin da marubucin bai kawo ba.

Malaman da ke hana wannan, mu faɗi gaskiya, yawancinsu su ma ba karatun suke yi ba. Rabonsu da littafin da ba na koyarwa ba tun suna kwaleji. Mutumin da bai san daɗin abu ba, ba wuya ya haramta shi, ya kuma kira haramcin tarbiyya. Su ne gobe za su zo suna kukan ɗalibi ya gama aji shida ba ya iya rubuta wasiƙa. Da me zai rubuta? Wace jimla mai daɗi ya taɓa gani, ban da bayanin da aka kwafa masa a allo?

Attajiranmu ma ba zan ƙyale su ba. Kowane mako motocinku suna Kano, suna Zariya, suna dawowa shaƙe da atamfa da taliya da kayan gyaran babur. Kwali ɗaya na littattafan nan bai kai nauyin buhun siminti ba, kuɗinsa bai kai na ragon da kuke yanka wa ɗan siyasa in ya zo gaisuwa ba. Ku sa yaran mota su ɗauko, a ba dattijon nan mai shimfiɗar buhu ya riƙa ba da haya, kamar yadda matan aure suka daɗe suna yi da littattafan soyayya ba tare da kowa ya kafa musu kwamiti ba. Hutun bai wuce 'yan makonni ba, kuma an riga an ci na farko.