Masu Yanka wa Dawowar Annabi Isa Rana

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya 'yan'uwa, mu da Kiristoci mun saɓa a kan matsayin Annabi Isa, alaihis salam. A wurinmu shi bawan Allah ne kuma Manzonsa. Amma mun haɗu a kan cewa zai dawo kafin tashin Alƙiyama. To, ta yaya majami'a za ta sa mabiyanta su zauna cikin shirin wannan rana? Wasu masu wa'azi sun ɗauka cewa zukata ba sa farkawa sai an yanka musu rana. Mu kuwa muna cewa wannan ƙarya ce ga Allah, kuma ba ta taɓa haifar da komai ba sai hasara.

Ga tarihi nan ya ishe mu hujja. A Amurka, William Miller ya yi lissafi daga littafin Daniyel, mabiyansa suka tsayar da 22 ga Oktoba, 1844. Wasu suka bar amfanin gonarsu ba girbi. Gari ya waye, babu abin da ya faru. A Koriya ta Kudu, Lee Jang Rim ya ce 28 ga Oktoba, 1992. Mutane suka bar aiki, suka miƙa masa dukiya. Da hukuma ta kama shi, sai aka same shi da takardun jari waɗanda ba za su nuna ba sai a 1993! Wanda ya gaskata duniya za ta tashi bana, me ya haɗa shi da ribar baɗi? Harold Camping shi ma ya ce 21 ga Mayu, 2011, daga baya ya amsa da kansa cewa ya yi kuskure.

Da a kan dukiya abin ya tsaya, da da sauƙi. A Yuganda, wata ƙungiya ta yi wa mabiyanta alkawarin duniya za ta ƙare da ƙarewar 1999. Da alkawari bai cika ba, sai aka ƙone ɗaruruwa a cikin majami'arsu a Kanungu ranar 17 ga Maris, 2000, aka kuma tono wasu gawarwakin a gidajen ƙungiyar. Waɗanda suka halaka sun haura 700. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Abin mamaki, littafin da ke hannun waɗannan mutane shi ne farkon mai ƙaryata su. A Linjilar Matiyu, sura ta 24, an bayyana cewa sanin ranar yana wurin Allah kaɗai. Sura ta 25 kuma ta fassara zaman shiri: 'yan mata goma masu jiran ango, biyar suka tanadi man fitila, biyar suka yi sakaci, sai kuma ciyar da mai yunwa, tufatar da matsiraici, gaida marar lafiya da ziyartar ɗan kurkuku. Bulus ma ya tsawata wa mutanen Tasalonika da suka zauna ba sa aiki.

Saboda haka, majami'ar da ke son mabiyanta su farka, ta karantar da su waɗannan surori kai tsaye. Ta raya makonnin nan huɗu na gabanin Kirsimeti, waɗanda Katolika da Angilika suka keɓe don tuna dawowarsa, da tuba da sadaka. Ta hana mumbarinta ga duk mai lissafin rana, ta kuma binciki inda baikon jama'a yake zuwa. Shirun malaman gaskiya shi ke ba maƙaryaci fili.

Mu ma kada mu yi dariya. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ranar 1 ga Muharram, 1400, daidai da 20 ga Nuwamba, 1979, masu da'awar bayyanar Mahadi suka mamaye Masallacin Harami, aka zubar da jini a wuri mafi alfarma. Alhali ya inganta cewa da wani ya tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, lokacin Sa'a, sai ya mayar da shi ga abin da ya tanada mata. Wannan ita ce tambayar da ke kan kowannenmu, domin mutuwa ba ta jiran lissafin kowa.

Allah Ya tsare mu daga sharrin maƙaryata, Ya sa mu cika da imani. Amin.