Asirin mutum a rufe, takardar fili a buɗe



Maganar fili magana ce mai nauyi a ƙasar Arewa. Ƙaramar hukumar Geceme, wadda ke cikin gundumar Tibiri tun da aka raba Tibiri da Dogon Dutsi a shekarar 2011, ta haura mutum 100.000 a ƙidayar 2012. Jama'a na ƙaruwa, ƙasa ba ta ƙaruwa. Gonar geron da ke bakin gari jiya, yau ita ake yankawa filayen gini. Inda ciniki ya yawaita kuwa, dillali ba ya rasa wurin zama.

Dillanci sana'a ce, ba mu ƙi ta ba. Sai dai amana biyu ke wuyan dillali.

Ta farko ita ce rufa asirin wanda ya aike shi. Magidancin da bashi ko rashin lafiya ya tilasta wa sayar da gonarsa, in labarin ya shiga kasuwa, sai a taya masa da wulaƙanci. Ɗan ci-rani da ya tara ƴan kuɗinsa a Najeriya, in aka bayyana abin da ke aljihunsa, sai a ninka masa farashi, ɓarayi su sa masa ido. Katin shaida da lambar waya da aka miƙa don cika takarda ba abin yawo da su ba ne. Ƙasarmu ta kafa dokar kare bayanan mutane ran 3 ga watan Mayu 2017, ta sabunta ta a 2022. Dokar nan ta hau kan dillali, ta hau kan ma'aikacin ofis.

Ta biyu ita ce faɗin gaskiya game da filin kansa. A nan babu asiri. Dokar karkara ta ran 2 ga watan Maris 1993 ta tanadi kwamitocin kula da ƙasa, waɗanda ake kira Kofo. A ƙauye, maigari ne shugaban kwamitin. Gabansu ake shaida ciniki, a kira maƙwabta, a ga iyaka, a ji ko magada sun yarda. Burtali da makiyaya na kowa ne: dokar kiwo ta 2010 ta hana a mallake su.

A lura kuma: takardar ciniki ta Kofo shaidar mallakar gona ce kawai. Kafin gona ta zama filayen gini, sai ma'aikatar tsara birane ta amince da lotisma, an fid da hanyoyi da wurin makaranta da magudanar ruwa. Bayan haka mai gini ya nemi izini a ofishin ƙaramar hukuma.

Abin takaici, wasu dillalai sun juya amanar nan biyu. Suna tallar talaucin mai gona a majalisa, amma in ka ce a nuna takarda, sai su ce sirri ne. Wanda ya biye musu, wata rana zai ga gininsa tsakiyar hanya, ko ya ƙare a gaban alƙali da ƴan uwan mai gona.

Muna kira ga hakimai da ma'aikata su tsare abin da aka ba su amana, su buɗe rajista ga mai neman sanin matsayin fili. Ku kuma da kuka yi yaƙi da jahilci, ranar amfanin karatunku ke nan. Kada ku sa hannu a takardar da ba ku karanta ba. Ku karanta wa iyayenku da maƙwabtanku kafin su dangwala yatsa. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba mu zaman lafiya.