Wasan Ces: A Fara Koya Wa Yaranmu Daga Ƙarshe

Wasan nan na ces, wanda waɗansunmu ke kira darar Turawa, ya fara samun gindin zama a makarantun Ikko da Badun, har 'ya'yanmu na Agege da Idi-Araba da Sabo sukan komo gida da maganarsa. Tun da Tunde Onakoya ya kafa ƙungiyarsa ta koya wa yaran unguwannin talakawa wasan a 2018, sa'an nan ya je birnin New York a watan Afrilu na 2024 ya yi awa 60 yana bugawa, iyaye da dama suka daina ganin abin a matsayin shiririta. Ba ma Turawan ne suka ƙago shi ba. Daga Indiya ya taso, ya bi ta Farisa da ƙasashen Larabawa, har a Barno Turawan mulki sun tarar ana yin irinsa, ana ce da shi tsatsarandi.

To, abin da ya dame ni shi ne yadda ake koyar da shi. Malami ya tara yara, ya karɓi kuɗin iyaye, sai ya haddace musu tarkon nan na kama sarki cikin taku huɗu, da waɗansu dabarun buɗe wasa masu sunayen Turawa. Yaro ya cinye ƙannensa sau biyu, uba ya ji daɗi. Ranar da ya gamu da wanda ya san tarkon kuwa, aka yi musayar 'ya'ya, allo ya yi fayau, sai ka ga ya tsaya yana zare ido, bai san inda zai kai sarkinsa ba. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ni a ganina an juya karatun ne a baibai: daga ƙarshen wasa ya kamata a fara, kuma a ɗauko shi daga wasannin gwanaye.

Wannan ra'ayi ba nawa ba ne ni kaɗai. Jose Raul Capablanca, mutumin Kyuba wanda ya riƙe kambin duniya daga 1921 zuwa 1927, haka ya koyar. Dalili kuwa a fili yake. In 'ya'ya 32 suna kan allo, mai koyo ba ya iya gane abin da kowanne ke iyawa. In sun rage biyar ko shida, babu inda kuskure zai ɓuya.

Ku dubi wasan da Capablanca ɗin ya yi da Tartakower a gasar New York ta 1924. An kai inda kowannensu ya rage da sarki, da hasumiya ɗaya, watau ɗan nan mai tafiya a miƙe, da 'yan dakaru. Hasumiyar Tartakower ta riga ta sa dakarun Capablanca a gaba. Kowane ɗan koyo, tsare kayansa zai yi. Shi kuwa a taku na 35 sai ya ɗauki sarkinsa ya nufi gidan abokin karawa, ya bar dakaru biyu aka cinye masa ɗaya bayan ɗaya, yana ji yana gani. Sarki ya bi ta gefen allo, taku huɗu ya isa bakin ƙofar ɗan'uwansa sarki, ga hasumiyarsa ta tare layi na bakwai, ga dakare guda yana gab da zama sarauniya. Abin da ya fi burge ni shi ne taku na 39. Akwai wani dakaren Tartakower a kusa da sarkin, in ya so sai ya ci. Bai ci ba. Ya wuce shi ya tsaya a gabansa, dakaren abokin gaba ya zame masa garkuwa, hasumiya ba ta da hanyar da za ta dame shi ta baya. Daga nan fa sai ya shiga tsince dakarun Tartakower, ya fanshe nasa har da riba, a taku na 52 mutumin ya sallama.

Mun saba cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. A wannan allo dai ba haka ta kasance ba, zama mai yawan dakaru sarkinsa na tsare a lungu. Yaron da ya zauna da wannan wasa yini guda zai tashi da abu uku a kansa: sarkin da ake ɓoyewa da fari, a ƙarshe mayaƙi ne, hasumiya ba ta da amfani in gadi take yi, kuma ba kowane abin ci ake ci ba.

Wani zai ce wannan tsohon labari ne. To, ga sabo. Ran 12 ga Disamba, 2024, a Singafo, Ding Liren na ƙasar Sin yana kare kambinsa a wasa na 14, na ƙarshe, da Gukesh na Indiya, yaro ɗan shekara 18. Kowa ya ɗauka canjaras za a yi. A taku na 55 Ding ya miƙa hasumiyarsa a yi musaya, ya sha'afa cewa giwarsa, watau mai tafiya a karkace, tana maƙale a kusurwa, ita ma dole a musanya ta. Aka bar shi da sarki da dakare ɗaya, Gukesh na da biyu. Sarakunan suka fuskanci juna, gida ɗaya tsakaninsu, taku kuma na Ding ne. Ƙa'idar nan tana cikin karatun farko na ƙarshen wasa: in sarakuna suka yi ido da ido haka, wanda motsi ya faɗo kansa shi zai kauce ya ba da hanya. Nan take Ding ya miƙa hannu, kambin duniya ya koma Indiya.

Na san masu koyarwa za su ce, in yaro bai iya buɗe wasa ba, ina zai kai ƙarshen? Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta da yawa. Abin da ɗan koyo ke bukata a farkon wasa bai wuce a gaya masa ya kama tsakiyar allo ba, ya fito da dawakinsa da giwayensa, ya killace sarki. Wannan karatun mako guda ne. Ƙarshen wasa kuwa sai an zauna, shi ya sa ake gudunsa, don ba ya sa uba tafi da wuri.

Haka nan masu cewa ai akwai kwamfuta a waya. I, akwai. Tun 2012 ma na'ura ta gama lissafin duk yadda 'ya'ya bakwai ko ƙasa da haka za su iya tsayawa a allo, ta san mai ci da mai faɗuwa. Amma amsa take bayarwa, ba ta faɗin dalili, kuma ba a shiga ɗakin gasa da ita. A jera wasan gwani a allon katako, a rufe sauran takun da takarda, yaro ya faɗi abin da zai yi da hujjarsa, sa'an nan a buɗe a ga abin da gwani ya yi. Bayan haka ya buga wurin da abokinsa, yau yana fari, gobe yana baƙi. Waya ta zo daga baya.

Uban da ke biyan kuɗin koyo, ko bai san wasan ba, yana iya gwada malamin ɗansa a tsakar gida. A ba yaro sarki da hasumiya, a ba abokinsa sarki shi kaɗai, a ƙidaya taku. Duk inda aka ajiye su, in dai ba a bar hasumiyar a bakin ci ba, taku 16 ya ishi wanda ya iya ya ritsa sarkin. In aka kai 50 ana zagaye, doka ta ce canjaras ne. Yaron da ya yi wata shida a hannun malami bai iya wannan ba, sai uba ya sa hula ya je ya ji ba'asi.