Daga Akwatin Asusu: Kwanciyar Inna Bayan Aikin Ƙugu

Ƴan uwa mata na Arlit da Akokan. A wannan fitowa mun ɗan ajiye lissafin zubi da riba, za mu yi maganar gado da matashi, saboda wani abu da ya faru a ƙungiyarmu.

Da yawanku kun san Innarmu, wadda ta girme mu duka, wadda marigayi maigidanta ya yi aiki a Kominak. Wata biyu da suka wuce ta zame a bakin famfo, ƙashin cinyarta ya karye can sama, dab da inda yake shiga ƙugu. Likita ya ce wannan ba karayar ɗori ba ce, sai an cire kan ƙashin an sa na ƙarfe. Aikin ya kai su Yamai, tafiyar kusan kilomita 1,200. Ɗiyarta ta sayar da awaki, ta ɗauki bashi a akwati, mu ma muka haɗa abin da ya sawwaƙa. Kun san tun da aka rufe Kominak a watan Maris na 2021, irin wannan kuɗi ba ya samuwa da sauƙi a gidajenmu.

Alhamdu lillahi aiki ya yi kyau, suka dawo. Dare na biyu ɗiyar ta farka, ta ga gado wayam. Ashe Inna ta lallaɓa ta sauka bisa tabarma, ta ƙudundune cikin bargo, gwiwa har ƙirji, ƙafa bisa ƙafa. Da aka yi mata magana sai ta ce: "Ke ɗiyata, ni tun da anka haihe ni haka nika kwana. Rigingine sai ka ce gawa?" Allah ya kiyaye, babu abin da ya goce. Amma washegari ɗiyar ta zo mana jiki na rawa, da takardar asibiti a hannu, da Faransanci. Muka nemi wata ma'aikaciyar jinya ta unguwa ta zauna da mu, ta warware mana. Ga abin da muka riƙe.

Kan ƙashin cinya kamar ƙwallo yake, zaune cikin ƙoƙon ƙugu. Nama da jijiyoyi ne suke riƙe shi. Wajen aiki an tsaga su, an ɗinke, kuma sai sun yi makwanni kafin su kama sosai. Kafin nan, idan ƙafa ta lanƙwashe da yawa ko ta murɗe, sabon ƙwallon zai iya fita daga mazauninsa. Da rana mutum yana lura da kansa. Da dare kuwa barci ne ke juya shi, shi ya sa hatsarin ya fi yawa a kan shimfiɗa. Yawancin likitoci suna cewa a kiyaye na sati 6, wasu har sati 12. Dokokin kuma suna ɗan bambanta, ya danganta da ta inda aka tsaga, ta baya ko ta gaba. Don haka kafin a baro asibiti a tambayi likitan da ya yi aikin, a sa ya faɗa da Hausa, maganarsa ce gaba da tamu.

Kwanciyar da ta fi aminci ita ce rigingine, da matashi mai tauri tsakanin ƙafafu, don kada su haɗu ko su harɗe. Yatsun ƙafa su dubi sama, kada ƙafar da aka yi wa aiki ta karkata ciki. Kada a saba cusa matashi ƙarƙashin gwiwa dare duka, yana sa gaɓa ta ƙage.

Idan likita ya yarda da kwanciyar gefe, galibi bisa lafiyayyen gefen ake farawa, ƙafar aikin tana sama, da matashi ɗaya ko biyu daga gwiwa har idon sawu, yadda ƙafar sama ba za ta faɗo gaba ba. Wajen juyawa a juya jiki gaba ɗaya, kafaɗa da ƙugu da ƙafa tare, matashin yana nan a tsakani. Kwanciyar rub da ciki babu ita a wannan lokaci. Ƙudundunewa ma haka. Mun san sanyin Disamba da Janairu a garin nan ba wasa ba ne, to a ƙara bargo, a sa mata safa, a toshe taga. Kuma kada ta sunkuyo daga zaune don jawo bargo daga ƙafafu, a miƙa mata.

Sai tsayin gado. Ƙa'idar mai sauƙi ce: idan ta zauna a bakin gado, kada gwiwarta ta fi ƙugunta tsayi. Ke nan tabarma, katifa a ƙasa da gajeren gado duk sun fita, har da kwanan tsakar gida lokacin zafi, sai dai a fitar da gadon. In gado ya yi ƙasa, a ɗaga ƙafafunsa da bulon siminti, a tabbata ba ya girgiɗi. Katifar da ta lotsa a tsakiya a sa mata katako a ƙasa. Wajen sauka ta matso bakin gado a hankali, ta miƙe ƙafar aikin gaba, ta dafa hannu biyu, sannan ta tashi. Sanda da tocila su kwana kusa da hannunta. Jikoki kuma, duk son da take musu, a raba musu shimfiɗa, don shurin yaro cikin barci ya isa ya jawo matsala.

Wannan ƙa'ida ta bi ta har makewayi. Tsugunno haramun ne gare ta yanzu. Mu kujerar roba mai ƙwari muka huda, aka ɗora bisa rami. Salla ma a zaune bisa doguwar kujera take yi, malamai sun ce addini ya yi wa marar lafiya rangwame.

Kwanciya ba ta nufin a bar ƙafa shiru. Tana kwance ta riƙa motsa tafin ƙafa sama da ƙasa, da rana kuma ta riƙa ɗan takawa yadda aka koya mata, don kada jini ya daskare a jijiya. Maganin da aka rubuta a sha shi kan lokaci.

Ga alamomin da ba a jira gari ya waye a kansu: zafi mai tsanani farat ɗaya a ƙugu, ƙafa ta gajarce ko ta murɗe, ta kasa takawa, ƙwauri ya kumbura yana zafi, numfashi ya yi wuya ko ƙirji ya riƙe, zazzaɓi, ko wurin ɗinki ya yi ja yana ruwa. In an ga ɗaya, sai asibiti. Don Allah kada a ja ƙafar, kada a kira mai ɗori. Muna girmama masu ɗori, amma ƙarfen da ke ciki ba aikinsu ba ne. Ku tuna Agadas kaɗai kusan kilomita 240 ce daga nan, kuma kun san halin hanyar.

Kada mu ɗauka wannan magana ta tsofaffi ce kawai. Masu ciwon sikila, wanda muke kira emasi, wani lokaci jini yana kasa isa kan ƙashin cinyarsu har ya lalace, a yi musu irin wannan aiki suna da ƙuruciya. Gobe yana iya zama ɗan wata daga cikinmu.

Tun da aka fara tsarin Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi a 1991, ƙarfinmu shi ne haɗa hannu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A taron da ya wuce mun yanke abu uku. Kowace za ta ƙara dala ashirin a asusun taimako na sati takwas, mu sayi dogon gado da kujera mai hannu, su zama na ƙungiya, a riƙa ara wa duk wadda ta buƙata. Masu ɗinki a cikinmu sun ɗinka dogayen matasai biyu masu tauri. Sannan mun raba kwana: kowane dare mace ɗaya tana kwana ɗakin Inna, don ɗiyarta ta samu barci, ta fita sana'arta, ta biya bashinta cikin kwanciyar hankali.

Inna tana sati na biyar yanzu. Har yau tana mita, tana cewa mun maida ta jaririya, amma matashin yana kwana inda ya kamata. Sauran ƙungiyoyi, ku kai wannan magana taronku, ku karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba. Mai katifa mai ƙwari ko sandar dogarawa da ba ta amfani da ita, ta sanar da shugabar ƙungiyarta kafin ranar zubi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya bar mu tare. Sai fitowa ta gaba.