Martani: Barau Dikko Kaɗai Ba Zai Iya Ba

Wani marubuci ya ce shirin ko-ta-kwana aikin gwamnati ne, manyan asibitocin Kaduna sun wadatar, haɗa kai da ƙananan asibitoci da 'yan agaji kuwa ɓata lokaci ne.

Ban yarda ba. Da jirgin soja mara matuƙi ya jefa bam a ƙauyen Tudun Biri a Disambar 2023, asibitin Barau Dikko aka kwaso waɗanda suka jikkata. Gado nawa ɗakin gaggawa guda zai ɗauka? Jinin ƙari daga ina, in ba a tanadi masu bayarwa ba?

In haɗari ya auku a unguwar Kawo, sau da yawa mai Keke Napep ke riga motar asibiti zuwa. In ba a koya masa tsayar da jini ba, wa zai tsayar?

Yarjejeniya tsakanin asibitin Kawo, na sojoji 44 da na kuɗi, tun kafin musiba ake ƙulla ta. Ba a fafe gora ranar tafiya.