Raddi ga masu cewa Damargu ta samu lafiya a 1918

Akwai wata magana da ta yi kaka-gida a bakin wasu masu karatun boko, wai da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙare a Nuwamba 1918, ƙasar Damargu ta shiga zaman lafiya, siyasar Turai ba ta shafe ta ba, kuma Kaosan, jagoran tawayen Abzinawa, ɗan amshin shatar Turkawa da Jamusawa ne kurum. Ban yarda ba, ga kuma dalilaina.

Mu fara da Kaosan. A Damargu aka haife shi wajen 1880, cikin Abzinawan Ikazkazan. Yana saurayi Nasara suka shigo ƙasar, suka kafa bariki a Jajiduna, suka fara ƙwace raƙuma don jigilar kayan soja. Wanda ya ga haka da idonsa, sai an turo masa takarda daga Istanbul kafin ransa ya ɓaci? Gaskiya ne ya shiga ɗarikar Sanusiyya, kuma da makaman da aka ƙwato daga Italiyawa a Fezzan ya kewaye barikin Agadas a Disamba 1916. Amma aron bindiga daban, aron zuciya daban. Abzinawan da suka bi shi raƙumansu da ƴancinsu suke nema.

Sai zaman lafiyar da ake faɗa. Rundunar Faransawa da ta taso daga Damagaram ta isa Agadas a Maris 1917, ta karkashe malamai, aka kwashe mutanen Abzin aka koro su kudu, da yawa a Damargu suka zube, ba dabba ba guzuri. Ku tuna ƙasar ba ta gama farfaɗowa daga yunwar 1913 zuwa 1914 ba. Manomin Tanut ko Belbeji da ya saba auna gero ga ayari, ya karɓi gishirin Bilma da dabino, sai ya wayi gari masu sayen hatsinsa su ne ke bara a ƙofarsa. An kashe Kaosan a Fezzan a 1919. Sarkin Abzin Tagama kuwa, wanda ya goya wa Kaosan baya, a kurkukun Damagaram ya mutu a Afrilu 1920, Faransawa suka ce shi ya halaka kansa, alhali kashe shi aka yi. A lokacin tawadar yarjejeniyar Barsai, wadda ta rufe yaƙin a Turai, ta daɗe da bushewa. Na yarda hare-hare sun ragu bayan haka, amma shirun wanda aka taka wa wuya ba lafiya ba ce.

Batun cewa siyasar duniya ba ta iso nan ba, shi ne mafi rauni. A Satumba 1919 Faransa da Italiya suka daidaita iyakar Libiya a tsakaninsu, ba a tambayi ko madugu ɗaya ba. A 1919 ɗin kuma aka mayar da ɗaukar soja dole a Afirka ta Yamma ta Faransa ko ba a yaƙi. A 1922 aka ayyana Nijar a matsayin ƙasar mulkin mallaka, ga lanho, ga aikin tilas. A 1926 aka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai, gabas ta koma baya.

Malaman makarantunmu, ku daina koya wa yaran Damargu cewa yaƙi ya ƙare a 1918. A ƙasar nan bai ƙare a shekarar ba.