Zancen Gona: Mu riga ƙwari shiri

Zancenmu na wannan wata a kan ƙwarin gona ne. Yawancinmu da waken gamana muke biyan bashin akwati, to in ƙwari suka riga mu girbi, ranar biya ta zama ranar kunya.

Gonakinmu na jigawa ba iri guda muke zubawa ba. Ga hatsi, ga wake a tsakani, ga gujiya, ga yakuwa a bakin iyaka. Wannan dubara ta iyayenmu kada mu yada ta. Ƙwaron da ke cin wake ba shi ne ke cin hatsi ba, in ɗaya ya ɓaci ɗaya ya tsaya. Sai dai kowane da irin nashi magani.

Mu fara da murzuna. Uwarta wani ɗan malam-buɗe-littafi ne mai yawon dare. Tana aza ƙwai bisa zangarniya lokacin da hatsi ke fidda kai. In tsutsa ta ƙyanƙyashe sai ta bi zangarniya tana ci tana kewayawa, shi ne wannan zane da muke gani kamar an naɗa zare. In ta ƙoshi ta sauka cikin ƙasa, ta kwana nan duk rani, sai baɗi ta fito.

Masu bincike na INRAN a Tarna da na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maradi sun daɗe suna kiwon wani ɗan ƙaramin ƙwaro mai suna Habrobracon hebetor. Ba ya cin hatsi, ba ya harbin mutum. Tsutsar murzuna yake harbi ta sandare, ya aza ƙwansa bisanta, ƴaƴansa su cinye ta. Cikin ƴan ƙananan buhunan garara ake kawo shi, a rataye a gona lokacin fidda kai, shi kuma ya watsu har gonakin maƙwabta. Don haka aikin na gari ne gaba ɗaya. Shugabannin ƙungiyoyi, ku je wurin malamin gona tun yanzu ku tambayi yadda za a samu. In an rataye buhunan, a ja kunnen yara kada su taɓa, kuma kada a fesa guba kusa, don ita ba ta san aboki da maƙiyi ba.

Sai wake. Darɓa tana taruwa a kan toho da ƙarƙashin ganye, tsutsa kuma tana shiga fure da kwanso. Wadda ta jira sai ta ga fure na zuba, ta makara. Ki riƙa shiga gona sau biyu a sati da sassafe, ki juya ganye, ki buɗe fure ki duba.

Maganin yana ƙofar gidanmu: ƴaƴan bedi, wato dogon yaro. A tsince nunannu, a wanke, a shanya a inuwa, a daka. Rabin kilo na garin a zuba cikin ruwa lita 10, ya kwana, a tace da ƙyalle mai laushi, a sa ɗan sabulu don ya kama ganye. Da marece ake fesawa, don rana tana kashe ƙarfinsa. Kuma ba ya kashe ƙwaro nan take, ci yake hana shi har ya mutu. Kada ki ce bai yi ba don ba ki ga gawa ba. Ki sake bayan sati guda.

Game da piya-piya da sauran magungunan da ake saidawa a kasuwa cikin kwalba ba takarda, ina roƙonku don Allah. Ganyen waken nan shi muke tsinka mu yi kwaɗo, harawa kuma ita awakinmu ke ci. Mai ciki da mai goyo kada su kusanci feshin guba, kuma kwalbar da ta ƙare kada ta koma ta mai ko ta ruwan sha.

Bayan girbi ma yaƙin bai ƙare ba. Buhun PICS mai riɓi uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi, yana tsare wake ba tare da magani ba. Wake ya bushe ƙarau, a duba ledojin ciki ba huda, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Ƙwaro ya rasa numfashi ya mutu. Wadda ta aje haka ba ta saida wakenta da arha a kaka ba.

Tun 1991 da aka fara Mata Masu Dubara a nan jihar Maradi, da ɗan abin da muke zubawa kowane sati muka kai inda muke. Shawarata, a taron wannan sati kowace ƙungiya ta tattauna abu uku: sayen famfon feshi guda na kowa da kowa daga akwati, wadda ba za a taɓa zuba guba cikinta ba, kowace mace ta kawo tiya guda ta ƴaƴan bedi, sai a rubuta buhun PICS nawa ake so, a saya a dunƙule kafin kaka. Sakatariya ta rubuta abin da aka tsaida, ta aiko mana.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana amfaninmu. Amin.